Darasi: Kwanon Mai Takaba

Idan aka yi rasuwa a unguwar Zongo ta Faraku, ko a tsofaffin unguwannin fatake na Jugu, ba a rasa jama'a. Kafin a dawo daga maƙabarta an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mata sun cika tsakar gida, masu gaisuwa na shigowa bi da bi: "Ya haƙuri?" "Da godiya." "Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta." Bahaushe da Badande da Bafulatani da mutumin Bariba, kowa zai zo ya sauke nauyinsa. Zumunci ne mai tsohon asali, tun zamanin da ayarin fatake daga Kano da Sakkwato ke ratsa Nikki da Faraku da Jugu su nufi Salaga a ƙasar Gwanja neman goro. Sai dai a tsakiyar wannan taro akwai mutum guda da ake mantawa da cikinsa, wato matar mamacin, ko mijin mamaciyar. Kowa na tambayar ta haƙuri, da wuya a sami mai tambayar ko ta sa wani abu a bakinta tun safe. Abin da wannan darasi ke son tabbatarwa shi ne, wanda ya rasa abokin zama yana cikin haɗarin rashin lafiya na gaske, kuma ba a barin cin abincinsa a hannun marmarinsa. Dole wasu su ɗauki nauyinsa, da ƙa'ida da lokaci, har tsawon takaba duka, wato wata huɗu da kwana goma.

Mu fara da abin da ke faruwa a jiki. Lokacin da mummunan labari ya dira, jiki na sakin wasu sinadarai, irin su adirenalin da kotisol, waɗanda aikinsu shirya mutum ya fuskanci haɗari. Zuciya ta ƙara sauri, jini ya hau, baki ya bushe, aikin ciki da hanji ya ja baya. Shi ya sa mai takaba ke cewa bakinta ɗaci, ko wani abu ya tokare mata ƙirji, ko abinci ba ya wucewa. Gaskiya take faɗa, ba shagwaɓa ba ce. A firgici na ɗan lokaci wannan hali na wucewa cikin sa'o'i, amma baƙin cikin mutuwa na riƙe jiki a haka makonni. Barci ya guntule, garkuwar jiki ta yi rauni, jini ya ƙara saurin daskarewa. Ga shi kuma jikin bai daina bukatar abinci ba, ƙararrawar da ke sanar da shi yunwa ce kawai ta yi shiru. Wanda ya ce zai jira sai ya ji yunwa kafin ya ci, yana iya kwana biyu bai ci abin kirki ba, kuma bai san ya yi hakan ba.

Likitoci sun daɗe da auna wannan. A shekarar 1969 likitan ƙwaƙwalwa Colin Murray Parkes da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon bin diddigin maza 4,486 a Birtaniya, masu shekara 55 zuwa sama, waɗanda matansu suka rasu. A cikin wata shida na farko 213 daga cikinsu suka mutu, adadin da ya ɗara na takwarorinsu masu aure da kashi 40 cikin 100, kuma ciwon zuciya ne ya fi ɗaukar su. A 2012 wasu masu bincike a birnin Boston na Amurka suka duba kusan mutum 2,000 da suka taɓa samun bugun zuciya, suka ga cewa a ranar farko bayan rasuwar makusanci haɗarin bugun zuciya na ninkawa kusan sau 21, a makon farko kuma kusan sau 6. Ba rashin ci kaɗai ke jawo haka ba. Amma rashin ci da rashin barci da mantawa da shan magani su ne ɓangaren da hannunmu ke iya kaiwa.

Wani zai ce ai waɗannan alƙaluman na Turawa ne, mutanen da tsohonsu ke zama shi kaɗai a gida, mu kuwa muna da dangi. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, domin dangi garkuwa ne. Amma a duba da me tamu matar ke shiga takaba. Binciken lafiyar jama'a da aka yi a Benin a 2017 zuwa 2018 ya nuna fiye da rabin mata masu shekara 15 zuwa 49 na fama da ƙarancin jini, kuma binciken da aka yi a 2015 ya nuna wajen mutum ɗaya cikin huɗu na manyan ƙasar nan na da hawan jini, da yawa ba su ma sani ba. Ƙara da zazzaɓin cizon sauro na damina, da jinyar da ta sha na watanni a bakin gadon miji kafin ya cika, tana kwana a zaune. Jikin da ya iso ranar rasuwa a gajiye ba shi da ajiyar da zai ci. Wani kuma zai ce kwana ne, in ya ƙare ya ƙare. Haka ne, babu mai musun ajali. To amma babu wanda ke hana jariri nono don ajali na hannun Allah, kuma addinin da ya koya mana ƙaddara shi ne ya koya mana neman magani da kiyaye rai.

Babban abin da ke hana ci, bayan ɗacin baki, shi ne kunya. Matar na tsoron a gan ta da loma a ce mutuwar ba ta dame ta ba, musamman a gaban dangin miji, musamman in akwai abokiyar zama da za a gwada su da ita. A wasu gidaje har ramar mace ake ɗauka ma'aunin son da take yi wa mijinta. Wannan ra'ayi ba shi da madogara, kuma yana kashe mutane. Abin da shari'a ta ɗora wa mai takaba sananne ne a littattafan Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Jugu da Faraku, irin su Risala ta Ibn Abi Zaid: ta zauna a gidan aurenta, ta bar ado da turare da kwalli da lalle, kada a ɗaura mata aure sai ta fita. Babu barin ci a ciki, babu azumi na musamman, babu barin wanka. Hasali ma sunna ta bi ta ɗaya ɓangaren. Da labarin shahadar Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya iso Madina daga yaƙin Mu'uta a shekara ta 8 bayan hijira, Annabi (SAW) ya umarci a dafa wa iyalinsa abinci, saboda abin da ya same su ya shagaltar da su. Kuma Buhari ya ruwaito cewa Nana A'isha, in aka yi rasuwa a danginta, mata suka taru suka watse ya rage 'yan gida, sai ta sa a dama talbina, wani kunu na garin sha'ir, ta ce a sha, domin ta ji daga Annabi cewa yana sanyaya zuciya yana rage baƙin ciki. A lura da lokacin da ta zaɓa: bayan taro ya watse.

Mu kuwa mun juya abin. Gidan rasuwa ya zama shi ne mai ciyar da gari. Ana sauke buhun shinkafa, ana kirɓa sakwara, ana toya waina ta sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, wani lokaci da kuɗin da marayu za su ci wata uku da shi. Malamai sun yi saɓani a kan waɗannan taruka, kuma wannan darasi ba zauren fatawa ba ne. Amma ko mai ganin halaccinsu zai yarda cewa sadakar da ta bar maraya da yunwa an yi ta ba bisa tsari ba. Sannan a zo a duba gidan rana ta takwas. An naɗe tabarmi, 'yan nesa sun hau mota, maƙwabta sun koma kasuwa. A bakin ƙofar ɗakin mai takaba ga kwanon tuwon jiya, samansa ya bushe ya tsage, miyar kuka ta daskare, an ɗan gutsuri gefe guda an rufe. In mamacin ya bar mata biyu ko uku, duk sun shiga takaba rana guda, murhun gidan gaba ɗaya ya mutu. A lokacin ne aikin ke farawa. Kwana 130 ne, in an lissafa ci uku a rana ya kama kusan kwano 390, mu kuwa mun tsaya a kan ashirin na farko.

To me za a ba ta? A makon farko kada a tsaya jayayya da tuwo. Abin da ake sha ya fi abin da ake taunawa saurin wucewa, don haka koko ko kunun gyaɗa ko fura da nono su ne mafari, ludayi biyar ko shida, sau biyar ko shida a yini. A ƙara wa kokon nauyi da garin waken suya ko tunkuza ko madara, domin koko zalla ruwa ne ya fi yawa a ciki. A ɗaura cin a jikin lokutan salla, tun da su ne agogon da ba ya kuskure a gidajenmu: bayan asuba a sha wani abu, bayan azahar a ci, bayan la'asar a ɗan taɓa, bayan magariba a ci. Kuma a zauna a ci tare da ita. Ajiye kwano a juya baya bai cika ciyarwa ba, hannu biyu a kwano ɗaya ne ke jawo loma. Daga mako na biyu sai a koma ga abincin da aka saba, da sharaɗin cewa kowane kwano ya haɗa abu uku: mai ba da ƙarfi, mai gina jiki, da ganye ko 'ya'yan itace. Ƙasarmu ba ta rasa ko ɗaya ba. Doya da masara da dawa da gero suna ba da ƙarfi, ko a sakwara ko a tuwo ko a wasa-wasa. Mai gina jiki kuwa ga wake, ga gyaɗa, ga ƙwai, ga busasshen kifi, ga awara da ake toyawa a kowane lungu, ga wagashin da matan Fulani ke kawowa kasuwar Arzeke, wanda suke daskarar da madararsa da tumfafiya su rina bayansa ja da karan dafi. Yanka biyu na wagashi a cikin miya ya wadatar a matsayin nama. Ganye kuma ga zogale, ga kuka, ga rama, ga alayyafo, ga kuɓewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a rana, kimanin cikin tafin hannu biyar, abin da ke da sauƙin samu lokacin mangwaro a bazara, ya ɗan yi wuya da hunturu, inda busasshen ganye da lemo da gwanda za su cike gurbi. Mai ƙarancin jini ta riƙa matsa lemon tsami a kan wake ko kwaɗon zogale, domin yana taimaka wa jiki ya tsotsi sinadarin ƙarfen da ke ƙara jini, ta kuma nisanta shayi daga lokacin cin abinci, domin shi hana tsotsar yake yi. Mai ciki da mai shayarwa su ci da ƙari, kusan kwano guda a kan na kullum, kuma kada takaba ta hana zuwa awo.

Akwai abubuwa uku da ke shiga gidan makoki da sunan taimako su yi ɓarna. Na farko gishiri. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ita ce ƙasa da giram 5 a rana, wajen ƙaramin cokalin shayi guda, dunƙulen ɗanɗano kuwa gishiri ne ya fi yawa a cikinsa. Mai dafa wa wadda jininta ya riga ya hau ta rage dunƙule ta ƙara daddawa da albasa da citta. Na biyu goro da shayi mai kauri da kofi. Garinmu garin goro ne, ba a zaman makoki babu shi, amma yana kashe yunwa yana kore barci, abu biyun da mai baƙin ciki ya fi bukata. In ba za a iya bari ba, a tsaya daga la'asar. Na uku ƙwayoyin barci da na kashe ciwon jiki da ake saya a hannun masu talla. Suna ba da hutun dare ɗaya su bar sabo na shekaru, kuma suna sa tsofaffi jiri su faɗi. Maganin da ya kamata a tsare shi ne wanda likita ya riga ya rubuta, na hawan jini ko na suga ko na wata cuta mai daɗewa. Sau da yawa marigayin ne mai sayowa, shi ne mai tunatarwa, da ya tafi sai maganin ya bi shi. A sami mutum guda ya karɓi wannan aiki tun ranar farko. Mai ciwon suga kuwa da ke shan magani ba ta ci ba, sugan na iya faɗuwa ta yi gumi da rawar jiki har ta suma, jama'a su ce aljanu ne ko kewar miji. Ruwa kuma a ajiye shi kusa da ita a buta mai murfi, domin kuka da zafin watan Maris da Afrilu na busar da jiki. Fitsari in ya yi duhu, ruwan ya yi kaɗan.

Hujja mafi nauyi da za a kawo a kan duk wannan ita ce talauci. Mai kawo cefane ya kwanta dama, da me za a sayi ƙwai? Ba hujjar rainawa ba ce, ita ce ma dalilin da ya sa nauyin ya hau kan jama'a. A mazhabar Malikiyya mai takaba tana da haƙƙin zama a gidan, amma ciyarwarta ba ta fita daga dukiyar mamaci a matsayin wajibi, sai daga rabonta na gado, wanda shi ne kashi ɗaya cikin takwas in akwai 'ya'ya, ɗaya cikin huɗu in babu. Dokar iyali ta Benin ta 2004 ita ma ta ba wanda ya rage cikin ma'aurata rabo a gado. Amma kowa ya san rabon gado na ɗaukar watanni, ciki kuwa yau yake so. Saboda haka jinkirta rabon gado ba gaira ba dalili zalunci ne da ke bayyana a kwano. Kafin a raba, gida bakwai in suka ɗauki kwana bakwai, kowane gida rana guda a mako, babu wanda zai ji nauyi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiyoyin adashi na mata da kwamitocin masallatai sun riga sun iya tara kuɗin biki da na suna, wannan bai fi ƙarfinsu ba. Kuma mai zuwa gaisuwa da ya saba miƙa kuɗin goro, mudun wake ko kwalbar man gyaɗa ya fi amfani.

Kula da kai bai tsaya ga ci ba. Mai takaba ta yi wanka kullum, ta wanke baki, ta sa tufafi masu tsabta ko da ba na ado ba ne. Ta fito tsakar gida ta sha hantsi, ta zaga, ta taɓa ƙananan ayyuka, domin kwanciya a ɗaki mai duhu wata huɗu na sassaƙe ƙarfin ƙafa tana ƙara nauyin zuciya. Malaman Malikiyya sun halatta mata fita da rana don bukata ta dawo ta kwana a ɗakinta, kuma asibiti na sahun gaba a bukatu, haka ma sana'ar da ita ce abincin marayu. Inda al'ada ta wuce nan ta kai ga ƙasƙanci, doka ta shigo: dokar Benin mai lamba 2011-26 ta ranar 9 ga Janairun 2012, wadda ta hana cin zarafin mata, ta lissafa al'adun zaman takaba masu wulaƙanci cikin abubuwan da ke cutar da mata.

Namiji ba ya takaba, shi ya sa nasa ya fi ɓoyuwa. Kwana uku ya koma shago ko tasha, kowa ya ce ya yi ƙarfin hali. Amma mutumin da ya shekara talatin bai taɓa tambayar inda abinci ke fitowa ba, yanzu sai shayi da burodi da safe, goro da rana, tsire in dare ya yi, kuma kunya ba za ta bar shi ya ce wa surukarsa yana jin yunwa ba. Mazan da Parkes ya ƙidaya irin waɗannan ne. 'Ya'ya da 'yan'uwa mata su tsara masa kwano ba sai ya roƙa ba, abokansa na majalisa su ja shi ciyayya.

Akwai alamun da ba a jira da su. Ciwon ƙirji, ko numfashi sama-sama, ko mutuwar ɓarin jiki, ko karkacewar baki, ko suma, ko wuni biyu ba ci ba sha, duk na asibiti ne nan take, ko babban asibitin koyarwa na Borgu da ke Faraku, ko asibitin Ordre de Malte na Jugu, ko cibiyar lafiya mafi kusa. Ko babu ɗaya daga ciki, a auna jinin mai takaba a makon farko, a sake bayan wata guda. In kuma ta fara cewa gara ta bi shi, ko rayuwa ba ta da amfani, kada a rufe ta da faɗa, kada a bar ta ita kaɗai. A saurare ta, a kai ta ga ma'aikacin lafiya. Baƙin ciki kansa ba cuta ba ne, kuka ma ba laifi ba ne, kuma ba ya ƙarewa ranar fita takaba. Amma in an wuce wata shida yana nan da zafinsa na farko, ya hana aiki da mu'amala, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin lalurorin da ake yi wa magani, a kundinta da ya fara aiki a 2022.

'Yan'uwa ɗalibai, ga aikin wannan mako. Kowa ya tuna gida guda a unguwarsu da aka yi rasuwar miji ko mata cikin wata huɗun nan. Ku rubuta ranakun mako bakwai a littafinku, a gaban kowace rana ku sa gidan da zai iya kai kwano da abin da za a dafa, ku tabbata kowane kwano ya haɗa abubuwa ukun da muka ambata. Ku rubuta wanda zai kula da magani, da wanda zai raka zuwa awon jini. Kafin zama na gaba ku je da kanku, kuma bayan kun ce "Ya haƙuri?" ku tambaya, "Inna, me kika ci yau?" Kada ku tashi sai kun ga an buɗe kwanon.